Yadda za ka ba akwatin wayar gida intanet daga kwamfutarka, mataki bayan mataki

Tun ranar da na haɗa wa wata Hajiya a Aboabo wayar tebur da ɗanta ya aiko mata daga Amurka, tambaya ba ta yanke mini ba. Kusan kowa labarinsa ɗaya ne. Ɗa ko ƙane da ke Bronx, ko Jamus, ko Italiya, ya aiko da wani ɗan akwati mai girman sabulun wanki, ya ce a jona shi da intanet a soka masa wayar tarho, sai Mma ta riƙa ɗaga kan waya kamar dā ba sai ta yi fama da shafa gilashi ba. Akwatin ya iso Kumasi lafiya, amma gidan babu rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Intanet ɗin da ke akwai shi ne na ɗan modem da ake soka wa kwamfuta, ko na wayar hannu. Shi kuma akwatin nan, wanda masu sana'a ke kira ATA, bai san layin wayar hannu ba, yawancinsa bai san Wi-Fi ba, kebul kawai ya sani.

Tambayar ita ce, ko akwatin zai yi aiki babu rauta? Abin yana yiwuwa. Kwamfutar ce za ta tsaya a tsakiya, ta karɓi intanet daga modem ta miƙa wa akwatin ta kebul. Roƙona ɗaya: kada ka tsallake mataki, kuma kada ka wuce wani sai ka tabbatar na baya ya zauna. Mafi yawan waɗanda ke kawo mini nasu sun jona komai ne lokaci guda, da ya ƙi aiki sai suka rasa inda za su fara nema.

1. Tara kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Windows 10 ko 11, da modem na 4G mai layin MTN ko Telecel ko AT wanda aka yi wa rajista da Ghana Card, da akwatin kansa tare da cajarsa, da wayar tarho, da kebul iri biyu. Na farko kebul ɗin intanet mai faɗin kai, RJ45, wanda zai taso daga kwamfuta zuwa akwati. Na biyu siririn kebul na tarho, RJ11, daga akwati zuwa waya. Idan kwamfutarka irin siraran nan ce marasa ramin kebul, sayi ɗan mahaɗin da ke mayar da ramin USB ya zama na intanet. Duk ana samun su a shagunan kwamfuta na Adum da kewayen Kejetia, na Accra kuma su leƙa Circle. Kebul ɗin ba su da tsada. Abin da ke cin kuɗi shi ne modem da akwatin in kai za ka saya, kuma farashinsu yana bin dala ne, saboda haka zaga shago biyu ko uku kafin ka zaro sidinka.

Akwatunan da suka fi shigowa hannuna su ne Grandstream HT801 da HT802, da Cisco SPA112, da tsohon Linksys PAP2T.

Sai abu na ƙarshe da mutane ke mantawa, alhali shi ne ran aikin: asusu a wurin kamfanin da ke sayar da layin kira ta intanet. Abu uku zai ba ka, adireshin sabarsa, da sunan shiga, da lambar sirri. In wanda ya aiko da akwatin ya riga ya saka su a ciki, ka huta. In bai saka ba, ka sa ya turo maka su kafin ka fara.

Gargaɗi kan wuta: juya caja ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120. In ka ga 100 zuwa 240, soka abinka. In ka ga 120 kaɗai, kada ta kusanci soket. Cajojin akwatunan galibi suna ɗaukar duka biyun, amma na wayoyin tarho marasa igiya da ake aikowa daga Amurka su ne abin tsoro. Na ga wadda aka soka a wani gida a Asawase, ko minti ɗaya ba ta yi ba sai ƙauri ya cika ɗaki, robar ta kumbura kamar burodi. Ni dai waya mai igiya nake ba da shawara, don ba ta buƙatar wutar kanta, daga akwatin take sha.

Gargaɗi kan na hannu: akwatin da aka yi amfani da shi a waje yana iya zuwa a kulle da sunan wani kamfani, ba zai bar ka ka canja komai ba. Kada ka biya sai mai shago ya buɗe maka shafin saitinsa a gabanka.

2. Gwada intanet ɗin shi kaɗai

Ajiye akwatin gefe tukuna. Soka modem, ka buɗe shafi biyu ko uku, sannan ka yi kiran murya na WhatsApp ta wannan intanet ɗin na kamar minti biyar, a daidai inda wayar za ta zauna. Murya ba ta buƙatar gudu mai yawa, abin da take so shi ne sabis ya tsaya cak, kada ya riƙa hawa da sauka. In muryar tana yankewa a nan, to za ta yanke a akwatin ma. Gidajenmu na Zango a cunkushe suke, ga kwano a sama ga bango mai kauri, sau da yawa ɗakin tsohuwa shi ne na can ƙurya. Sayi kebul ɗin USB mai tsawo ka rataye modem ɗin a bakin taga. In har yanzu bai gamsar ba, ari layin wani kamfanin ka gwada, don wanda ya yi ƙarfi a Sawaba ba lalle ya yi a Aboabo ba.

Ana iya amfani da wayar hannu maimakon modem, a jona ta da kebul a kunna USB tethering. Don gwaji ya yi. Don zama kuwa ban yarda da shi ba, domin duk lokacin da mai wayar ya zare ta zai fita, wayar Mma ta mutu, kuma kiran da ya shigo masa yana iya tsinke datar.

3. Jona kebul bisa tsari

Siririn kebul daga wayar tarho zuwa ramin da aka rubuta Phone ko Phone 1. Mai faɗin daga kwamfuta zuwa ramin intanet na akwatin. In akwatin naka yana da ramin intanet biyu, zaɓi wanda aka rubuta WAN ko Internet. Yanzu soka wuta. Ka ga 'yan fitilu suna ƙyaftawa a bakin ramin, alamar kwamfuta da akwati sun ga juna. In babu ko ɗaya, canja kebul kafin ka zargi wani abu.

Gargaɗi: in gidan yana da tsohon soket na tarho a bango tun zamanin Ghana Telecom, kada ka haɗa ramin Phone da shi. Akwatin yana tura wutar kansa ta wannan ramin, in layin bangon yana da rai za su yi karo ya ƙone.

4. Buɗe rabon intanet a Windows

Nan ne gundarin aikin, a bi a hankali.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka latsa Enter. Taga za ta buɗe da gumakan duk hanyoyin sadarwar kwamfutar. Biyu kake nema: wadda intanet ke shigowa ta cikinta, da wadda akwatin ke jone da ita. Abin da ke rikita mutane shi ne modem da yawa na yanzu, har da wayar Android, su ma da sunan Ethernet suke fitowa, sai ka ga Ethernet da Ethernet 2 ka rasa wane ne wane. Karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan gunkin. Wanda ka ga Remote NDIS a jikinsa, shi ne modem. In kana shakka, zare modem ɗin ka ga gunkin da ya ɓace, ka mayar. Ni nakan canja musu suna nan take, ɗaya Modem ɗaya Akwati, don gobe.

Yanzu danna dama a kan gunkin modem, ka zaɓi Properties, ka shiga shafin Sharing. Saka alama a gurbin farko, wanda ya fara da Allow other network users to connect. In jerin zaɓi ya bayyana a ƙasansa, zaɓi ramin da akwatin waya yake. In bai bayyana ba, hanyoyin biyu ne kawai a kwamfutar, Windows ta gane da kanta. Latsa OK.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne a yi wannan a kan gunkin akwatin maimakon na modem. Mai intanet shi ke rabawa. Ka tuna da haka kawai.

Da ka latsa OK, Windows za ta ba ramin kebul ɗin adireshi 192.168.137.1, ta kuma fara raba adireshi ga duk abin da aka jona masa. Tabbatar: danna gunkin Akwati sau biyu, ka shiga Details, ka ga lambar da idonka. In ka ga wadda ta fara da 169.254, rabon bai kama ba. Koma ka cire alamar, OK, ka sake sakawa, OK. Sannan zare wutar akwatin ka ƙirga goma ka mayar, don ya nemi sabon adireshi.

Gargaɗi: kada ka kunna Mobile hotspot na Windows bayan wannan. Hanya ɗaya suke bi, yana iya ƙwace rabon ya bar akwatin a bushe. Haka nan wasu manhajojin kariya daga ƙwayar cuta suna da katangarsu da ke hana akwatin samun adireshi. In komai daidai ne amma shiru, dakatar da katangar na ɗan lokaci ka gani.

Masu Mac, naku yana cikin Sharing, a ƙarƙashin Internet Sharing. Masu Linux su zaɓi Shared to other computers a saitin kebul. Sauran matakan duk ɗaya ne, lambar adireshin ce kawai za ta bambanta.

5. Tambayi akwatin adireshinsa

Akwatin yana magana, da Turanci. Ɗaga kan waya. In Grandstream ne, danna tauraro sau uku, sannan 02. In Cisco ko Linksys ne, tauraro sau huɗu, sannan 110 da alamar #. Murya za ta karanto maka lambobi ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe biro a hannu. Abin da kake son ji shi ne 192.168.137 da wata lamba a ƙarshe.

In ta karanto sifili huɗu, bai samu adireshi ba, koma mataki na 4. In ta karanto wata lamba dabam, mai shi na farko ya kafe masa adireshin gidansu na can, sai an mayar da shi kan DHCP, wato ya riƙa karɓar adireshi da kansa daga kwamfuta. A Grandstream zaɓi na 01 ne, ka danna 9 ya juya. A Linksys 101 ne da #, sannan 1. A Cisco 101 ne da #, sannan 0.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka yi masa wankin da ke mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, sai in bayanan asusun suna rubuce a gabanka. Yara masu rawar kai sun sha goge saitin da aka wahala aka yi a waje, aka kwana uku ana neman wanda ya san lambar sirrin.

6. Saka bayanan asusu

In akwatin ya zo da saitinsa, wataƙila tuni ka ji sautin nan mai tsawo na layi a buɗe. Duk da haka ka karanta wannan matakin, akwai gyara biyu da layin wayar hannu ke buƙata.

Buɗe burauza a kwamfutar, ka rubuta adireshin da ka ji. Shafin shiga zai fito. Tsofaffi da yawa admin ne suna, admin ne sirri, sababbin Grandstream kuma an buga sirrin a takardar da ke manne a ƙasansu. Da ka shiga ka canja shi. A Grandstream je shafin FXS Port, ka cike Primary SIP Server, da SIP User ID, da Authenticate ID, da Authenticate Password. A Linksys da Cisco shafin Line 1 ne, wuraren su ne Proxy, User ID da Password. Kwafa harafi bayan harafi, babba da ƙarami ba ɗaya ba ne a nan.

Gyaran farko shi ne wanda ke raba aikin da ya yi da wanda ya yi rabi. Akwatinka yana bayan ƙofa biyu ko uku ne: ta kwamfuta, ta modem, da ta kamfanin layi, wanda ke tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya. In akwatin ya yi shiru na ɗan lokaci, ƙofofin nan sukan rufe, sai ya zama kai kana iya kira amma in an kira ka ba ta ƙara. Ita kuwa Mma kiran da zai shigo take jira. Maganin shi ne akwatin ya riƙa motsi a kai a kai. A Grandstream, mayar da NAT Traversal zuwa Keep-Alive, ka rage Register Expiration daga minti 60 zuwa 2. A Linksys da Cisco, mayar da NAT Mapping Enable da NAT Keep Alive Enable zuwa yes, ka rage Register Expires daga daƙiƙa 3600 zuwa 120. In kamfanin asusun ya faɗi tasa lambar, bi tasa.

Gyara na biyu na aljihu ne. Akwai hanyoyin matse murya, biyu ne suka shafe mu. G.711, wanda za ka gani da sunan PCMU ko PCMA, muryarsa garau take amma yana cin kusan megabait 1.2 a minti, wato wajen 72 a awa. G.729 yana cin ƙasa da sulusin haka, wajen megabait 22 a awa, muryar ta ɗan siranta amma ana ji sarai, kuma ya fi jure sabis mai rauni. Yi lissafi: hirar rabin awa kullum da G.711 ta haura gigabait 1 kaɗan a wata, da G.729 kuwa wajen megabait 330. In sabis ɗinka mai ƙarfi ne, bar wa tsohuwa murya mai kyau, kunnenta ya fi datar daraja. In yana rawa, ɗora G.729 a farko, muddin kamfanin yana karɓar sa.

Adana, ka bari akwatin ya sake tashi, ka duba shafin Status. Kalmar da kake nema ita ce Registered.

7. Gwaji uku

Kira waje. Sa a kira ka. Sannan ka bar wayar ta huta minti 20, a sake kiran ka. Na ukun shi ke nuna ko gyaran ƙofofi ya kama. In ɗaya yana ji ɗaya ba ya ji, nemi adireshin Outbound Proxy ko na STUN daga kamfanin ka saka.

In layin na ƙasar waje ne, lambar Gana ma sai an kira ta kamar daga waje: 00 ko 011 gwargwadon kamfanin, sannan 233, a yar da sifilin farko. A nan ne nake ja wa mutane kunne. Kiran maƙwabci a Kumasi da wannan wayar kiran ƙasa da ƙasa ne, ya fi na wayar hannu tsada. Amfaninta shi ne ɗan da ke waje ya kira lambar ƙasar da yake, ta yi ƙara a ɗakin mahaifiyarsa. Kada kuma wani ya zuga ka ka mayar da abin sana'ar shigo da kiran waje ta layukan gida. Wannan shi ne simbos, laifi ne, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCA, da 'yan sanda suna kama masu yi.

Ranar da muka gama na Hajiyar Aboabo, wayar ta yi ƙara tana kan tabarmar salla. Ta miƙe da kanta, ta goge kan wayar da gefen mayafi, ta kara a kunne da hannu biyu. Ban ji abin da aka ce mata ba, na dai ji ta ce, "Na'am, ɗan nan, ina jin ka kamar kana tsakar gida." Ta juya mana baya ta ci gaba da hirarta, muka tattara kebul muka fita.

8. Hana kwamfuta barci da cin data

Kwamfuta in ta yi barci, waya ta mutu. Shiga Power Options ta Control Panel, ka mayar da barci zuwa Never, ka kuma zaɓi Do nothing a wurin rufe murfi. Sannan Device Manager: a kan ramin kebul da ramukan USB, shiga Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe su don tanadin wuta. Ajiye ta inda iska ke ratsawa, ba kan katifa ba, kuma lokacin hunturu ka riƙa kakkaɓe mata ƙura.

Ita wayar ba ta cin data sosai, Windows ce mai ci. Dare ɗaya tana iya sauke sabuntawa ta shanye abin da ka saya na wata. A Settings, ƙarƙashin Network & Internet, zaɓi hanyar modem ka kunna Metered connection. Ka kuma gaya wa yaran gida gaskiya cewa wannan kwamfutar ba ta kallon ƙwallo ba ce.

9. In an kashe an kunna ya daina aiki

Wannan ciwo ne sananne na Windows: bayan an sake kunna kwamfuta, alamar tana nan amma rabon ya tsaya. Maganin gaggawa shi ne cire alamar a mayar, kamar a mataki na 4. Na dindindin kashi biyu ne. Windows da R, rubuta services.msc, nemo Internet Connection Sharing, ka mayar da Startup type zuwa Automatic. Sannan Windows da R, rubuta regedit, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, SharedAccess. A can ka ƙirƙiri sabon DWORD mai 32-bit, sunansa EnableRebootPersistConnection, ka ba shi 1. Sake kunna kwamfutar ka gwada.

Gargaɗi: cikin regedit kada ka taɓa komai ban da wannan. In hannunka bai saba ba, kira wanda ya saba ya tsaya a kanka.

10. Dumso, wato ɗauke wuta, da takardar bango

In an ɗauke wuta, kwamfutar cinya tana da batirinta, modem yana sha daga gare ta. Saura akwatin. HT801 da HT802 da bakin cajar USB suke aiki a kan volt 5, saboda haka fawa bank mai kyau yana riƙe su. Da waya mai igiya, layin zai rayu har batirin kwamfutar ya ƙare.

In gidan zai dogara da wayar nan wata da watanni, ka fara tara kuɗin rauta ta 4G mai ramin kebul. Layin ya koma cikinta, akwatin ya jonu kai tsaye, kwamfuta ta fita daga tsakiya, duk saitin mataki na 6 yana nan yadda ka bar shi.

Kafin ka bar gidan, rubuta takarda da manyan baƙi ka manna a bango kusa da wayar. In babu sauti: a duba modem yana da data, a kunna kwamfuta a jira ta gama tashi, sannan a zare wutar akwati a mayar, a jira minti biyu. A ƙasa ka rubuta cewa wannan wayar ba ta kiran 112, in gobara ce ko rashin lafiya a ɗauki wayar hannu. Ka karanta wa Mma takardar da bakinka, ka kuma nuna wa jikan da ya fi natsuwa inda kowane kebul yake shiga.